Nokawut Da Bindigar Sallah

Jama'a, duk wanda ya taɓa ganin hawan Sallah ko naɗin sarauta a Bebeji ko Ƙiru ya san ƙarar bindiga. 'Yan bindiga su jeru, su ɗura albarushi, su ɗaga baki sama su saki. Hayaƙi ya turnuƙe, mata su rangaɗa guɗa. Wannan mun gada ne, ba mu kuwa so ya mutu.

Amma akwai wata ƙara da ta shigo mana daga baya, watau nokawut. Shi ma albarushi ne, ƙunshe cikin takarda. Mutanen ƙasar Sin suka fara haɗa albarushi, shekara fiye da 1,000 ke nan. 'Yan sanda a Kano sukan yi shela gabannin Sallah da Kirsimeti cewa an hana sayar da nokawut, an hana buga shi. Sai ka ji wani ya ce, "To, don me za a bar bindiga a hana ɗan abin wasan yara?"

Ga dalili. Ɗan bindiga babban mutum ne, ya koyi aikin wajen na gaba da shi. Yana da shugaba, Hakimi ya san shi. Ba ya sa harsashi, a fili yake bugawa, kowa kuwa ya san ranar. Nokawut fa? Yana hannun yaro ɗan shekara 7, a lungu, da dare. Ya ƙyasta ya jefa, bai san inda zai faɗa ba. Wani lokaci abin ya yi shiru kamar ya mutu, yaro ya je ya ɗauka, sai ya tashi a hannunsa. Nan ake rasa yatsa, nan ake rasa ido.

Ku duba kuma lokacin. Kirsimeti da Sabuwar Shekara kullum cikin hunturu suke faɗowa, bayan kaka. Masarar Doguwa da shinkafar Tudun Wada sun shiga rumbu, kara da harawa suna bisa ɗaki, danga ta bushe ƙayau, ga iska. Tartsatsi guda ya isa ya cinye noman shekara. Balle kusa da mai sayar da fetur a jarka bakin hanya. A Ikko, ran 26 ga Disamba 2012 wani ɗakin ajiyar nokawut ya kama wuta a kasuwar Jankara, gidaje suka ƙone, aka yi hasarar rai.

Akwai kuma tsoro. Mutanen da ke gefen dajin Falgore sun sha wahalar ɓarayin shanu. In suka ji ƙara da tsakar dare, ta yaya za su rarrabe wasa da hari? In kuwa kunne ya saba, ran da aka zo da gaske ba mai fita.

Saboda haka in yaro ya roƙi kuɗin nokawut, a hana shi, ran hawa a kai shi ya ga 'yan bindiga daga nesa. Wanda ya ga ana sayarwa ya gaya wa Mai'unguwa. In tsautsayi ya auku, a yi ta zuba ruwan sanyi mai tsabta a kan ƙunar har minti 20. Kada a shafa manja, ko ƙwai, ko man goge baki. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a kai shi asibiti. In ido ne, kada a bari ya murza.