Littafi Mai Tsarki: Yaɗuwarsa da Matsayinsa a Ma'aunin Tarihi

Masana na ɗaukar cewa babu littafin da ya kai Littafi Mai Tsarki na Kirista yawan bugu da fassara. Tun lokacin da Gutenberg ya buga shi da keken ɗab'i a Jamus wajen shekarar 1455, ya yi ta bazuwa, har yau ana samunsa cikakke cikin harsuna sama da 700. Sai dai yawan masu karatu ba ya zama hujjar ingancin labari, domin haka ya kamata a raba maganganun biyu.

Zuwansa cikin Hausa

Harshen Hausa yana da rabonsa cikin wannan yaɗuwa. A shekarar 1855 Barth ya tafi Ingila tare da Dorugu, wani yaro ɗan ƙasar Damagaram wanda aka ƴanta daga bauta. Daga bakinsa ne Schön ya ƙara gyara Hausarsa, har ya buga Linjilar Matiyu a 1857. Cikakken littafin ya fito a 1932, sabuwar fassara kuma ta biyo baya wajen 1980. Waɗannan fassarori madubi ne ga mai nazarin harshe, domin suna nuna yadda rubutun boko ya sauya cikin shekaru fiye da 100.

Tsofaffin rubuce-rubuce

An rubuta Tsohon Alkawari da Ibrananci, da ɗan sashe cikin Aramaik, Sabon Alkawari kuwa da Girkanci. Babu ko ɗaya daga rubutun asali da ya wanzu. Abin da ke hannu kwafe-kwafe ne. Na Sabon Alkawari cikin Girkanci sun haura 5,000, kuma ɗaya daga mafi tsufa wani guntu ne na Linjilar Yahaya da ke ajiye a Manchester, wanda galibin masana ke dangantawa da ƙarni na 2. A 1947 aka fara gano naɗaɗɗun fatu a kogunan Kumran, kusa da Tekun Gishiri. Littafin Ishaya da ke cikinsu ya girmi kwafen Ibrananci da aka dogara da su da kimanin shekara 1,000, amma bambancinsu galibi na haruffa ne da ƴan kalmomi. Duk da haka, gwama kwafe-kwafe ya tona wuraren da aka yi ƙari: ayoyi 12 na ƙarshen Linjilar Markus ba su cikin kundin Sina'i da na Batikan, manyan kwafe biyu na ƙarni na 4.

Shaidar ƙasa

Ingancin kwafi daban, aukuwar labari daban. A nan sai a nemi shaida daga waje. A 1961 an tono wani dutse a Kaisariya mai ɗauke da sunan Bilatus, hakimin Yahudiya. A 1993 kuma aka samu wani a Tel Dan mai ambaton gidan Dawuda. Amma akwai inda lissafi ya ƙi daidaita: Matiyu ya sa haihuwar Almasihu a zamanin Hirudus, wanda ya mutu wajen shekara 4 kafin Miladiyya, Luka kuwa ya haɗa ta da ƙidayar Kiriniyus, wadda aka yi a shekara ta 6 ta Miladiyya.

Kammalawa

Ke nan littafin ba a auna shi da mudu ɗaya, domin tarin littattafai ne da aka rubuta cikin ƙarnuka masu yawa. Wani sashe duwatsu sun gaskata shi, wani yana cikin muhawara. Batun mu'ujiza da wahayi kuwa, wannan fagen imani ne, ma'aunin tarihi ba ya kai gare shi.