Ruwan da ke fitowa daga majema da mahauta, ina yake zuwa?

Ɗan'uwa mai karatu, in garkarka ko rijiyarku tana ƙasa da gari, to, abin da mutanen gari suka zubar, kai yake iskewa. Gulbin Maraɗi daga Nijeriya yake tasowa, ya ratsa ƙasar Maraɗi, ya sake komawa Nijeriya, yana ɗauke da duk abin da aka zuba masa a hanya. A Yamai ma, ƙoramar Gunti Yena tana kwasar ƙazamin ruwan unguwanni ta kai shi kogin Kwara, ga masu garka a bakinta suna ban ruwan salati.

Ƙazamin ruwa iri biyu ne. Akwai na salga da na mahauta, mai jini da kashi. Shi ke kawo zawo da amai, da taifot, da tsutsar ciki. Akwai kuma na masana'anta. Majeman gargajiya da bagaruwa suke jima, amma majema ta zamani tana aiki da wani sinadari da ake kira kuromiyam. Ruwan da ya kwaso shi yana sa ƙaiƙayi da gyambo a hannu da ƙafa, ya zauna cikin ƙasa shekara da shekaru. Manoman bakin kogin Calawa a Kano sun daɗe suna kuka da wannan.

Ga inda mutane da yawa suke ruɗewa. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, haka ma ƙwayar Aquatabs. Amma ko ɗaya cikinsu ba ya fitar da sinadari. In ka tafasa irin wannan ruwa, ruwan ne ke raguwa, gubar tana nan. Ruwan da ya canza launi, ko yake kumfa, ko yake warin ruɓaɓɓen ƙwai, a bar shi. Kada a sha, kada a ba bisashe, kada yara su yi wanka a ciki.

Hukuma ba ta yi shiru ba. Nijar ta kafa dokar tsabtar jama'a a 1993, da dokar kare muhalli a 1998, da dokar ruwa a 2010. Manufarsu ita ce mai masana'anta ya tace ruwansa kafin ya sake shi, kada ya cuci na ƙasa da shi. Tacewa tana cin kuɗi, shi ya sa wani yake jiran dare ko ranar ruwan sama ya buɗe bututunsa. Lambatun bakin titi kuwa don ruwan sama aka gina shi. Wanda ya jona salgarsa da shi, ya aika wa maƙwabtansa cuta ne.

Doka a takarda ba ta tsare rijiya sai an kai magana. Ku lura da ranar da ruwan ya canza da inda yake fitowa. Ku je wurin mai gari, ku tafi tare ofishin magajin gari, ku nemi ma'aikatan tsabta su zo su gani da idonsu. Mutum goma sun fi mutum ɗaya samun kunne.

A gida kuma, salga ta yi nesa da rijiya kamar mita 30, ta kasance ta gangare. Wanda ƙafarsa ta yi gyambo bayan aiki cikin irin wannan ruwa, ya zo asibiti, ya faɗa wa likita inda yake aiki.