Shuka Lallenki da Hannunki, Ki Huta da Dayis

Kwanan baya na je wani biki a Janfalan ta ƙaramar hukumar Ikara, na ga abin da ya tayar mini da hankali. Wata ƙawar amarya an yi mata baƙin lalle, kwana biyu hannun ya kumbura ya yi ƙuraje, ko cokali ba ta iya riƙewa. Wallahi da kuka ta ƙarasa bikin nan.

Ki sani 'yar uwa, lalle na gaskiya ja yake yi, ba ya yin baƙi ƙirin. Yawancin baƙin da kike gani haɗi ne da dayis na rina gashi, mai sinadarin PPD, wanda kan ƙona fatar wasu har ya bar tabo. Alhali a bayan ɗakin kakar amaryar nan ga bishiyar lalle tsaye, ta yi fure farare ƙanana, ƙamshi ya cika tsakar gida. To me zai hana ke ma ki shuka taki?

Abin ba wuya. Ki jira damina ta kankama, wajen watan Yuni. Ki roƙi reshe mai kaurin fensir, tsawon kamar santimita 25, ki zage ganyen ƙasa, ki binne rabinsa. Zaɓi wurin da rana ke bugawa sosai, domin lalle ba ya son inuwa, ba ya son inda ruwa ke kwanciya. Idan ƙasar gidanku laka ce irin ta fadamun rake na Maƙarfi da Kudan, gauraya ta da yashi da ruɓaɓɓen taki. In kuwa iri kika samu, jiƙa shi 'yan kwanaki tukuna, saboda ɓawonsa na da tauri.

Ki kewaye shi da kara ko ƙaya, kin dai san halin awaki. Da rani ki riƙa ba shi ruwa sau biyu a mako, amma ban da ruwan wanki mai omo. Idan hunturu ya zo kika ga ganye na zubewa, kada ki ce ya mutu, zai sake tohowa. Da ya kai miki ƙugu ki datse kansa don ya yi rassa ya cika. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In kika ƙyale shi sai ya zarce mita 3, ya yi ƙaya, tsinka ta gagare ki.

Bayan shekara ɗaya zuwa biyu sai ki fara tsinka. Shanya ganyen a inuwa, ki daka, ki tankaɗe, ki kwaɓa da lemon tsami. Ki bar wasu rassan su yi fure, ƙamshinsu ma ado ne. Sai dai kada a yi wa jariri ƙunshi, yana iya cutar da jinin wasu jariran.

Kada ki raina shi. A ƙasar Indiya akwai garin Sojat da ya yi suna a duniya da noman lalle. Ke ma rarar da kika samu ƙulla ta za ki yi ki sayar lokacin sallah, ki sami kuɗin littafi.

Shuka shi bana, ranar naki ƙunshin ki tsinko daga bayan ɗakinku. Allah ya nuna mana. Ku huta lafiya.