Mene Ne Tambarinmu a Mafara, Bakura da Maradun?

A kudancin Birazil akwai jihar makiyaya, Rio Grande do Sul, ƙasar mahaya dawakin da ake kira gawusho. Mutanen can sun kafa doka sun ware tsuntsunsu, da bishiyarsu, da dokinsu, har da shayin ganyen mate da suke sha, suka ce su ne alamominsu. To mu fa? Yau in ka ce daga Zamfara kake, sai a tambaye ka labarin 'yan bindiga. Shi ya sa na ga ya dace, kafin in bar makarantar nan, in lissafo namu.

A itatuwa ni dai gawo na zaɓa. Da damina yake kaɗe ganye, gero ya samu rana a ƙarƙashinsa. Da rani kuma ya yi kore shar, 'ya'yansa su ciyar da dabbobi. Ka ga itace guda ya haɗa manomi da makiyayi.

A dabbobi akwai Gudali mai gajeren ƙaho, da Rahaji ja mai dogon ƙaho, sai jar akuya, wadda fatarta ta riƙa ƙetare Sahara har Turawa suka ɗauka fatar Maroko ce. A tsuntsaye shamuwa ce mai busharar damina, balbela kuma abokiyar garke. Kun san balbelar nan da kanta ta tsallaka teku daga Afirka, aka fara ganinta a Kudancin Amurka a ƙarshen ƙarni na 19?

A ruwa muna da Dam ɗin Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, wanda aka kammala a 1978. A kiɗa kuwa ga kotson Alhaji Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura da ya yi suna da Maradun. Fura da nono fa? Gero na manomi, nono na makiyayi, ƙwarya ɗaya.

Sai dai abin da ba a kula da shi ba, ɓacewa yake yi. An noma burtali, ana sare itatuwa don gawayi, ɓarayin shanu sun tarwatsa rugage. Tun 1996 da aka ƙirƙiro jihar nan muke alfahari da noma, amma alfahari ba ya tsiro da itace.

Shawarata ga ƙungiyarmu ta ɗalibai: a makon al'adu mai zuwa kowane sashe ya dasa gawo, a ɗora wa 'yan aji ɗaya ban ruwansa. 'Yan kwamfuta kuma su naɗi muryoyin tsofaffin makiyaya, su faɗi sunayen shanu da na ciyayi, tun muna da masu faɗa mana.