Mussoshin unguwa

Mussa tana kama kusu, tana tsaron hatsin rumbu. Amma tana da saurin haihuwa. Cikinta wata 2 ne, kuma tana iya haihuwa sau 3 a shekara. Shi ya sa mussoshin da ba su da mai su suke yawa a unguwa. Suna taruwa a juji, suna satar ƴan tsaki. Cizonsu yana iya kawo ciwon haukan kare.

Guba ba magani ba ce. Kaji da yara suna iya cin ta. In mussoshi suka ƙare kuma, kusu ya cika rumbu. Gara a rufe abinci, a kwashe shara. Likitan dabbobi kuma ya yi masu allura da aikin hana haihuwa.