Shirin Musamman: Dashen Ɓargo da Amfanin Ɗan'uwa

Manomin shinkafa a fadamun Bakolori, daga Maradun zuwa Talata Mafara, Birnin Tudu da Bakura, ba sai an yi masa bayanin dashe ba: a yafa iri, a rene shi, a cire a kai gona. To, irin wannan aiki likitoci ke yi wa mai sankarar jini, kuma shirinmu na yau na cewa irin da ake nema yana cikin gidajenmu, mu ne ba mu san darajarsa ba.

A cikin ɓargon ƙashin kowane mutum akwai wasu ƙwayoyin halitta da za a iya kira uwayen jini. Su ke haifar jajayen ƙwayoyi masu kai iska ga gaɓoɓi, da farare masu yaƙar cuta, da masu tsayar da jini idan an ji ciwo. Jajayen ba sa wuce kamar kwana 120, don haka uwayen ba su da hutu. Idan sankara ta shiga, sai gurɓatattun ƙwayoyi su cika ɓargo kamar ciyawa ta cinye gona. Mara lafiya ya ɗashe, zazzaɓi ya ƙi sauka, dasashi ya riƙa zubar jini. Wasu magani kaɗai ke isarsu. Waɗanda bai isa ba, sai a share ɓargonsu da magani mai ƙarfi, a ɗura musu uwayen jinin wani ta jijiya, kamar ƙarin jini. Cikin mako biyu zuwa huɗu dashen ya kama, sabon jini ya fara fitowa. Likitan Amurka Donnall Thomas, wanda ya share fagen wannan aiki tun shekarun 1950, ya sami lambar Nobel a 1990. A Nijeriya kuwa an yi dashen farko a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ga wani yaro mai sikila.

Ba kowane iri ne gona ke karɓa ba. Dole jikin mai bayarwa ya dace da na mai karɓa, in ba haka ba sabbin ƙwayoyin su juya su afka wa mai gida. Wanda ya fi dacewa shi ne shaƙiƙi, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma damar dacewa da kowane ɗaya kashi 25 ce cikin 100. Mai shaƙiƙai shida, damarsa ta samun wanda ya dace ta haura kashi 80. Mutanen Turai masu 'ya'ya ɗaya ko biyu sau da yawa sai sun bi rajistar baƙi masu bayarwa. Mu kuwa Allah Ya ba mu yawan zuriya, ashe ɗan'uwa ba rabin jiki kaɗai ba ne, har da ɓargo.

Wani zai ce, ai mun ji daga ɗan tayi ake ciro waɗannan ƙwayoyi. Wannan wani fanni ne daban. Waɗanda muke magana a kai daga jikin rayayyen mutum ake ɗiba, da yardarsa. Wani kuma zai ce, wanda aka taɓa wa ɓargo ai ƙarfinsa ya tafi. Yawanci ma ba a taɓa ƙashi: allura ce ta 'yan kwanaki, sannan na'ura ta tace ƙwayoyin daga jinin hannu cikin 'yan sa'o'i, jiki ya mayar da abinsa cikin makonni.

Hujja mai nauyi ita ce ta kuɗi, kuma ba za mu rufe ta ba. Aikin na cin miliyoyin naira, yana da haɗari, ba kowa ke tsira ba. Amma tsadar dashe ba ta hana gwajin jini, kuma cutar da aka gano da wuri ta fi jin magani. Abin da ke cinye dukiyar iyali shi ne watannin da ake ɓatawa ana shan maganin shawara da na taifot, ko ana sayen garin da 'yan talla ke cewa yana ɗauke da uwayen ƙwayoyi. Ba a dasa ɓargo da cokali.

Saboda haka, wanda ya ga yaro ko babba yana ɗashewa, ana ƙara masa jini yana komawa, ya nemi a tura shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Gwamnatocin Arewa kuma su haɗa ƙarfi su samar da cibiyar dashe kusa da talaka. Kai kuma ɗan'uwa, ranar da likita ya ce a zo a gwada jinin dangi, ka zama na farko a layi. Mu kwana lafiya.