Hoton Sikanin da Jijiyoyin Ƙafar Mai Ciwon Suga a Karkarar Kano

A ƙasashen Bichi, Dambatta, Makoda, Kunchi da Dawakin Tofa, inda gonaki suka haɗe da juna har da wuya a ga saura, yawancin aikin ciyar da gida a kan ƙafa yake tafiya, daga kai taki da rani zuwa huɗa da noma da yankan karan dawa da kaka. Saboda haka duk cutar da ta taɓa ƙafar manomi ta taɓa rumbunsa, kuma cikin irin waɗannan cututtuka kaɗan ne suke shigowa a ɓoye kamar lalacewar jijiyoyi da ciwon suga yake haddasawa.

Jijiyoyin da ake nufi a nan su ne jijiyoyin saƙo, wato fararen zaruruwan da suka taso daga laka suka bazu zuwa fata da tsoka, suna kai labarin zafi da sanyi da tsini zuwa ƙwaƙwalwa, kuma daban suke da jijiyoyin jini. Idan suga ya daɗe da yawa a cikin jini, wani ɓangarensa yana rikiɗa a cikin jijiyar ya zama sinadarin sobitol, wanda yake janyo ruwa har ta kumbura, yayin da ƙananan hanyoyin jinin da suke ciyar da ita suke ƙuntacewa. Jijiyoyin da suka fi tsawo su suke fara gazawa, shi ya sa abin yakan faro daga yatsun ƙafa ya hauro a hankali. Majinyaci yakan ce tafin ƙafarsa yana zafi da dare, ko ana tsikararsa kamar da allura, ko kuma ƙafar ta mutu, wani kuwa ba ya jin komai sam, kuma wannan shi ya fi shiga haɗari. Likitoci sun ƙiyasta cewa kusan rabin masu ciwon suga suna gamuwa da wannan matsala a tsawon rayuwarsu.

Manomin da ƙafarsa ta daina ji yana iya taka ƙaya ko tsinin kututturen kara da hantsi, ya wuni yana aiki a kansa cikin silifas, ba zai ankara ba sai ya ga jini a takalmi ko ya ji wari bayan kwanaki. Da hunturu kuma, lokacin da faso yake tsaga diddige, tsoho yana iya miƙa ƙafa kusa da kaskon wuta ya ƙone bai sani ba. Binciken da aka gudanar daga 2016 zuwa 2017 a manyan asibitoci shida na Nijeriya, ciki har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya bi majinyata 336 da aka kwantar saboda gyambon ƙafa na ciwon suga, aka tarar an yanke wa fiye da kashi ɗaya cikin uku ƙafa ko wani ɓangarenta, kuma kimanin ɗaya cikin biyar sun rasu.

Na'urar sikanin, wadda ake iya duba waɗannan jijiyoyi da ita, ba baƙuwa ba ce a wannan yanki, domin mata masu juna biyu sun daɗe da saninta a wajen awo. Tana aiki ne da sautin da ya wuce abin da kunnen ɗan Adam yake iya ji, wato wanda kaɗawarsa ta haura sau 20,000 a daƙiƙa, inda kan na'urar yake tura sautin cikin jiki, ya karɓi amsa-kuwwarsa, kwamfuta ta mayar da ita hoto. Ian Donald da abokan aikinsa a Gilasgo suka wallafa aikin da ya buɗe hanyar duba ciki da ita a 1958, sai a 1988 Bruno Fornage ya bayyana yadda jijiyoyin saƙo na hannu da ƙafa suke fitowa a hoton.

Wajen duba mai ciwon suga, ma'aikaci yana shafa man sikanin a bayan ƙashin idon sawu ta ɓangaren ciki, inda babbar jijiyar da ke shiga tafin ƙafa take wucewa gefen jijiyar jini mai bugawa, sannan ya ɗora kan na'urar a gicciye ba tare da dannawa sosai ba, don dannawa tana baje jijiyar ta ɓata awo. Lafiyayyiyar jijiya tana fitowa kamar saƙar zuma, baƙaƙen ɗigogi cikin farin zagaye, ita kuwa wadda suga ya taɓa takan yi kauri, ta yi duhu, ɗigogin su dusashe. Ma'aikacin yana zagaye bakinta a allon na'ura, na'urar ta lissafa faɗinta da murabba'in milimita, a kwatanta da ɗaya ƙafar. Haka ake yi wa jijiyar wuyan hannu, wadda takan matse a wurin masu suga ta kawo mutuwar yatsu, kuma a gano irin wannan matsewa ne sikanin ya fi nuna gwanintarsa, tunda wata tana gyaruwa da ƙaramar tiyata. Aikin ba ya ciwo, ba ya amfani da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, kuma ya fi sauƙin jurewa a kan gwajin gudun saƙo, wanda ake aika 'yar wutar lantarki cikin jijiya a auna saurinta, ko da yake wannan gwajin shi ne har yanzu ma'aunin da ƙwararru suka fi dogara da shi.

Sai dai na'urar da take nuna jariri a ciki ba lallai ta nuna jijiya ba. Kan da ake duba ciki da shi mai lanƙwasa ne, yana aiki da sautin da bai wuce megahaz 3 zuwa 5 ba domin ya nutsa cikin jiki, alhali jijiyar da ke dab da fata tana bukatar miƙaƙƙen kai mai megahaz 10 zuwa 18, sannan tana bukatar hannun da ya goge, domin wanda bai saba ba yana iya ɗaukar igiyar tsoka a matsayin jijiya. Masana ba su kai ga matsaya guda ba kan faɗin da za a ce ya wuce ƙa'ida, kuma yawancin alƙaluman da ake da su an tattara su ne a Turai da Asiya da Amurka, don haka asibitin da ke son dogara da wannan awo yana da aikin fara auna lafiyayyun mutanen yankinsa. Hoton kuma ba ya ganin mafi ƙanƙantar zaruruwa masu ɗaukar zafi, waɗanda sau da yawa su suke fara lalacewa. Akwai wani abin lura da ya shafi ƙasar Hausa musamman, wato kuturta, wadda ita ma take kumbura jijiya ta kashe ƙafa, kamar yadda ma'aikatan asibitin kutare na Yadakunya suka daɗe da sani, ga kuma ƙarancin bitamin B12 da daɗewa ana shan maganin suga na metformin yake iya kawowa, saboda haka kumburin jijiya a hoto bai isa a ɗora wa suga laifi ba sai an haɗa da tarihin majinyaci da gwajin jini.

Abin da ya fi dacewa da ƙaramin asibitin ƙauye shi ne zaren roba mai dannawa da ƙarfin giram 10, wanda ake dangwala shi a tafin ƙafa har ya lanƙwashe, majinyaci idonsa a rufe ya faɗi ko ya ji, tare da ƙarfen gwaji mai kaɗawa sau 128 a daƙiƙa da ake ɗorawa a babban yatsa. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin suga suke bi ita ce a yi wannan gwaji tun ranar da aka gano nau'i na biyu na ciwon, a riƙa maimaitawa duk shekara. Sikanin kuwa wurinsa asibitocin Bichi da Dambatta da na cikin Kano, ga wanda ƙafa ɗaya ko hannu ɗaya ya fi damunsa, ko wanda alamominsa ba su yi kama da na suga ba. Jijiyar da ta riga ta mutu ba ta cika farfaɗowa ba, amma sauko da suga yana rage saurin lalacewar, kuma wanda aka shaida wa cewa ƙafarsa ta daina ji yana iya duba tsakanin yatsunsa a kowace alwala, ya zazzage takalmi kafin sawa, ya sa rufaffen takalmi a gona, ya kuma hana a yi masa tsaga ko sakiya a ƙafar.